Bankwana da Gonar Koinoniya



An nemi in yi bayani a kan aikin sa kai na wata uku da na yi a wata gona ta jama'ar Kirista a ƙasar Amurka. Tun da na dawo, duk wanda ya tare ni tambayarsa ba ta wuce yadda na tafi da wanda ya biya kuɗin jirgi. Babu wanda ya tambayi yadda na baro wurin. Ni kuwa a ganina nan ne maganar take, domin kowannenmu a zauren nan, mai jiran bautar ƙasa ne ko ƙaramin ma'aikacin da za a yi wa canjin wurin aiki, wata rana zai naɗe tabarmarsa ya bar waɗanda wurin ne gidansu.

Sunan gonar Koinoniya, tana kusa da garin Amerikas a Jihar Jojiya, kudancin Amurka. Kalmar ta Girkanci ce, ma'anarta zumunci ko tarayya, an ɗauko ta daga Sabon Alkawari, inda aka ba da labarin mabiyan farko da suka haɗa dukiyarsu wuri guda. Iyalai biyu suka kafa ta a 1942, watau Clarence Jordan da matarsa Florence, da Martin England da matarsa Mabel, a kan fili mai eka 440 wanda zaizaya ta cinye. Shi Jordan ya karanta aikin gona, sa'an nan ya yi digirin digirgir a Girkancin Sabon Alkawari. Abin da suka ƙudura ba shi da wuyar faɗa: baƙi da fari su yi noma tare, a biya su lada ɗaya, su ci abinci a tebur guda. A Jojiya ta wancan zamani wannan tsokanar faɗa ce.

Ba a daɗe ba kuwa faɗan ya zo. A 1950 cocin da suke zuwa ya kore su, bayan sun je sujada da wani ɗalibi ɗan Indiya. A 1956, sa'ad da labari ya bazu cewa Jordan ya goyi bayan waɗansu ɗalibai baƙar fata biyu masu neman shiga wata kwaleji ta Turawa a Atalanta, sai gari ya juya musu baya. Aka daina sayen ƙwansu, aka hana su taki da mai, aka soke musu inshora. Aka sa wa rumfar da suke sayar da amfanin gona a bakin titi nakiya, aka riƙa harbin gidajensu da dare. A 1957 'yan Ku Klux Klan suka yi jerin gwanon motoci zuwa gonar, aka nemi su sayar su tashi. Suka ƙi. Da kasuwar gari ta rufe, sai suka koma sayar da 'ya'yan wani itace mai ɓawo da ake kira fikan ta gidan waya, ga masu saye daga nesa. Amma tsoro da talauci sun kwashe mutane da yawa, har kafin ƙarshen shekarun 1960 iyalai biyu kacal suka rage.

Na kawo wannan tarihi ne domin ku gane irin wurin da na yi wa bankwana. Wuri ne da ya rayu saboda waɗansu sun ƙi tafiya lokacin da tafiya ita ce hankali. Ni kuma, da ire-irena masu aikin sa kai, mun zo da tikitin komawa a aljihu. Mutanen gidan ba su taɓa yi mana gori a kan haka ba, amma sun san bambancin, mu ma ya kamata mu sani.

Na isa ne a lokacin kakar fikan, wadda take farawa wajen Oktoba. Inji ne yake kama gindin bishiya ya girgiza ta, 'ya'yan su zubo kamar ƙanƙara, a share, a kwashe, a fasa, mu kuma mu tsaya muna tsince ɓawo da ruɓaɓɓu. Daga nan sai wurin gashi da ɗaurin kaya, domin cinikin Kirsimeti shi ne yake riƙe gidan. Da tsakar rana a buga ƙararrawa, kowa ya zo a ci tare. Aiki ne mai gundura, ba zan yi muku ƙarya ba, kuma ɗan ƙauyenmu da ya saba da ɓarar gyaɗa ba zai ga abin mamaki a ciki ba.

Da saura mako biyu in tafi, dattijuwar da ke kula da sashenmu ta kawo mini wani yaro sabon zuwa, ta ce in koya masa duk abin da hannuna ya iya. Ta kuma ba ni littafi ta ce in rubuta inda na tsaya, da abin da ya lalace, da inda na ajiye kowane makulli. Wannan ita ce bankwanar da ta dame su. Ta ce mini sun ga baƙi masu kuka ranar tafiya ba iyaka, amma wanda suke tunawa shi ne wanda bayan tashinsa aiki bai tsaya ba. Ku da za ku karɓi ofis, kun san yadda ake barin fayil a ƙasar nan, ba sai na faɗa ba.

Abu na biyu da ta roƙe ni shi ne kada in yi alkawari. Baƙo idan zuciyarsa ta yi taushi bakinsa yakan yi arha: zan dawo baɗi, zan aiko da kaza, zan kafa irin wannan a garinmu. Su kuwa sun ga masu cikawa, sun san kamanninsu. Millard Fuller da matarsa Linda sun bar dukiya suka zauna a gonar, suka fara gina wa matalauta gidaje tare da Jordan, a biya a hankali ba ruwa a kai. A 1973 suka tafi Zayar, wadda yanzu ake kira Kwango, suka gwada tsarin a garin Mbandaka, kuma a 1976 aka kafa Habitat for Humanity. Waɗannan sun tafi ne da aikin a hannu. Wanda ba shi da niyyar haka, gara ya yi godiya ya yi shiru.

Ranar ƙarshe, bayan abincin rana, aka ambaci sunayenmu mu masu tafiya, aka yi mana addu'a. Da aka ba ni magana sai na yi yadda muke yi a gida, na ce a yafe mini abin da na sani da wanda ban sani ba, ni ma na yafe. Ɗakin ya yi tsit, don ba su saba jin mai tafiya ya nemi gafara ba tare da wani laifi ya faru ba. Na bayyana musu cewa a wurinmu zama tare ba ya rasa saɓani, kuma ba wanda ya san ko za a sake gamuwa. Wani tsoho ya ce wannan ai cikin addininsu yake, sun dai bar shi ya kwanta. Na kuma koya musu rakiya, suka tako da ni har bakin titi.

Kafin nan na nemi a kai ni kabarin Jordan, wanda ya rasu a 1969 a 'yar bukkar da yake rubutu, yana da shekara 57. A cikin akwatin katako na ɗaukar kaya aka binne shi, a kan wani tudu cikin gonar, ba a sa dutse mai suna ba. Wanda ya raka ni ya nuna wajen da hannu, muka ɗan tsaya, sa'an nan ya duba agogo ya ce akwai kayan da motar gidan waya za ta ɗauka kafin ƙarfe uku.

Idan akwai tambaya, ina saurare.