Hasken Da Ke Karanta Rubutun Da Ya Dushe

 

An ce in yi magana a kan kimiyya, sai na ga gara in fara daga gida. Kakana ya rasu a Zurmi ya bar gafaka uku na littattafan hannu. Ɗakin ya yi yoyo wata damina, ba mu ankara ba sai da ruwa ya wanke ƙarshen wani littafin fiƙihu, daidai inda mai kwafi kan sa sunansa da shekara. Na daɗe ina ɗaukar wannan shafi a matsayin asara.

To, ku tuna darasin da aka yi mana a aji uku, ranar da Malam ya riƙe gilashi mai kusurwa uku a bakin taga, launukan bakan gizo suka fito a bango. Yawancinmu muna ta hamma, har da ni. Idon ɗan'adam yana ganin haske ne daga kimanin nanomita 400 zuwa 700 kawai. Can bayan ja akwai infared, can bayan shuɗi mai duhu akwai ultrabayolet. Masana kan sa takarda a ɗaki mai duhu, su haska ta da launi ɗaya bayan ɗaya, kyamara na ɗauka, sannan kwamfuta ta gwama hotunan. Ba a taɓa takardar da wani magani.

Masu zane suka fi cin moriyar abin. A 2014 aka bayyana cewa ƙarƙashin wani zanen ɗaki da Picasso ya yi a 1901 akwai hoton wani mai gemu ya yi tagumi, ya zana shi ya rufe. Amma abin da ya fi shafarmu shi ne rubutu. A 1972 masu gyaran Babban Masallacin San'a a Yaman suka tarar da tarin tsofaffin fatu na Alƙur'ani. A cikinsu akwai wanda aka wanke rubutun farko aka sake wani a kai, kuma da hasken ultrabayolet aka karanta na ƙasan.

Sirrin yana cikin tawada, kuma nan almajiranmu sun fi mu sani. Tawadar gawayi da ƙaro, irin ta allo, baƙa take zama ƙarƙashin infared, sai dai a saman takarda take, shi ya sa ake wanke ta. Ta gabaruwa da aka haɗa da ƙarfe kuwa shiga jikin takarda take yi. Ko ta dushe wa ido, gurbinta yana shan ultrabayolet, takardar da ke kewaye ta yi haske, harafin ya fito baƙi. Littafin kakana da irin wannan aka rubuta shi. Ashe ban yi asara tukuna ba, muddin takardar na nan.

Muddin tana nan, na ce, kuma nan damuwata take. Mutanenmu nawa suka baro ƙauyukan Zurmi da Shinkafi suka dawo Ƙaura saboda 'yan bindiga? Mai gudun ceton rai ba ya ɗaukar gafaka. Abin da aka bari kuma gara da ɓera ke gadonsa.

Na'urar tana da tsada, ba zan ce ƙungiyarmu ta saya ba. Roƙona kaɗan ne. Wanda ke da irin waɗannan takardu kada ya bi rubutun da biro don ya fito, kada ya liƙa masa salatif ko ya kai a manne shi cikin leda. Ya ɗaga shi daga ƙasa, ya ɗauki hoton kowane shafi da waya. Gidan Arewa a Kaduna da Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato suna adana irinsu, ana iya neman shawararsu. Na bar takarda wajen sakatare, duk mai littafi a gida ya rubuta sunansa da garinsu kafin a tashi.