Amsoshin Wasiƙunku: Wace Riga Ta Dace Da Mai Keke Da Dare?

 Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraro a Gezawa, wanda ke kai kaya Kano a kan keke, ba ya juyowa gida sai bayan almuru. Ya ce sau biyu mota tana kusan kwashe shi, direba kuma ya rantse bai gan shi ba. Shi ne yake tambaya wace irin riga zai saya, da sauran kayan da suka kamata.

To malam, ba lallai direban nan ƙarya yake yi ba. Kai kana hango fitilarsa tun daga nesa, shi ya sa kake zaton shi ma yana ganinka. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa kuwa tana cin mita 22 cikin daƙiƙa guda. In rigarka baƙa ce ko shuɗiya, kafin ya gane mutum ne ya taka birki, ai ya riga ya iso kanka.

Ka sani rigar rana daban, ta dare daban. Rigunan nan masu ɗaukar ido, ruwan ɗorawa ko ruwan lemo, irin na ma'aikatan gyaran hanya, hasken rana ne ke tayar da launinsu. Suna da amfani da sassafe da yamma, da lokacin hazo. Amma rana na faɗuwa launin ya mutu. Abin da ke aiki da dare shi ne ƙyallen nan ruwan toka da ake ɗinkawa a jikinsu, wanda ke mayar wa direba da hasken fitilarsa. Don haka nemi mai duka biyun. Kafin ka biya, kai ta inda babu haske, ka riƙe tocila kusa da idonka, ka haska ta daga nesa. In ƙyallen bai walƙa ba, ajiye musu kayansu.

Ga wata dabara mai sauƙin kuɗi. Ɗaura irin wannan ƙyalle a idon sawunka biyu. Haske mai hawa da sauka yana saurin sanar da direba cewa mai keke ne a gabansa. Ɗaurin kuma zai hana bakin wando shiga sarƙa. Babbar riga kam, naɗe ta ka ɗaure a kariya sai ka sauka. In kuma kayan da ka ɗauko sun rufe maka baya, to a jikin kayan za ka liƙa ƙyallen.

Riga dai ba ta maye gurbin fitila. Yarjejeniyar dokokin hanya da ƙasashe suka ƙulla a birnin Viyana a 1968 ta tanadi keke ya kasance da birki mai ci, da ƙararrawa, da farar fitila a gaba, da ja a baya. Ka tuna fitilar da taya ke juyawa tana mutuwa da zarar ka tsaya, saboda haka mai batir ta fi a mararraba.

Sai hular kwano. Ta zauna daidai, kamar yatsa biyu sama da gira, a ɗaure igiyarta a ƙarƙashin haɓa. Wadda aka taɓa faɗuwa da ita, sosonta na ciki ya riga ya matse, kada ka saya ko da a ɓagas ne.

In kuɗin ba su isa duka ba, fara da fitilu, sannan ƙyallen ƙafa, sannan riga da hula. Iyalinka suna jiranka a gida, malam.