Tsohuwar iPhone ko sabuwar Tecno?

Duk wanda da waya yake neman abincinsa, ni dai sabuwa mai araha nake ba shi shawara.

iPhone 8 ta okaziyo akwai kyan hoto, ban musa ba. Amma tun 2017 ta fito, layi guda take ɗauka, batirinta bai kai 2000 mAh ba ko tana sabuwa, balle yanzu da zafin Tawa ya gasa shi. Tecno mai 5000 kuwa tana kai ka dare ko an ɗauke wuta, ga layi biyu in rezo ya ƙi.

Kuma a 2025 WhatsApp ya bar aiki kan iPhone 6. Masu ciniki da ita dole suka sake waya.