Kuɗin Gudummawa Domin Tsare Gari Daga Fari Da Ambaliya: Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu

Kowane dattijon da ya daɗe yana noma ya san damina ta sake hali. Wata shekara ruwa ya makara. Wata shekara ya sauka da wuri, a yi shuka, sa'an nan ya ɗauke har iri ya ƙone a ƙasa. Wata rana kuma ruwan wata guda ya zuba cikin dare biyu. Manya ba su manta da farin 1972 zuwa 1974 ba. A 2022 ambaliya ta kashe mutum fiye da 600 a Nijeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu. A watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya ci babban sashe na Maiduguri. Masana sun tabbatar hayaƙin mai da kwal da a ke ƙonawa a duniya ya ƙara zafi. Iska mai zafi kuwa tana busar da ƙasa da sauri, tana kuma ɗaukar laima mai yawa, ta sake ta gaba ɗaya.

Saboda haka aka ware kuɗi domin taimakon garuruwa su yi shiri tun da wuri. Lalle ne hakimi ya san bambancin iri biyu daga cikinsu.

Na farko shi ne shirin ACReSAL. A watan Disamba na 2021 Bankin Duniya ya yarda da dala miliyan 700 domin jihohin Arewa 19 da Abuja, da nufin farfaɗo da ƙasar da ta lalace har kadada miliyan ɗaya. Wannan rance ne a wuyan Gwamnati, ta hannun ofisoshin jihohi ya ke bi.

Na biyu shi ne shirin ƙananan gudummawa na Asusun Kula da Muhalli na Duniya, wanda a ke kira GEF. An kafa shirin a 1992, ya fara aiki a Nijeriya a 2009, hukumar UNDP ta Majalisar Ɗinkin Duniya ce ta daɗe tana gudanar da shi. Kuɗinsa kyauta ne, ba a biya. Shekaru da yawa iyakar abin da a ke bai wa aiki guda dala 50,000 ne. Ba a bai wa mutum ɗaya, ba a bai wa ofishin Gwamnati, sai ƙungiyar jama'a ko ƙungiya mai zaman kanta wadda ke aiki tare da mutanen gari. Wani kwamiti na ƙasa ke duba takardun neman, ya zaɓa. A kan ba da kuɗin kashi-kashi, in rahoton kashi na farko bai gamsar ba, na biyu ba ya fita.

Abin da masu ba da irin wannan kuɗi su ke fara nema shi ne tsari a rubuce, wanda ya fito daga bakin mutanen gari. Garin da ya fi shan wahala ya kan rasa, maƙwabcinsa ya samu, don kawai maƙwabcin ya zauna ya rubuta abin da ke damunsa da maganin da ya ke so. Tsarin ba abu ne mai wuya ba. Ya nuna unguwar da ruwa ke fara shiga, da kwalbatin da ke toshewa, da rijiyoyin da ke ƙafewa kafin bazara, da inda zaizaya ke cin gonaki, da burtalin da aka nome. Ya nuna tudun da za a kai mata da yara da tsofaffi in ruwa ya zo da dare. Sa'an nan a jera ayyuka bisa ga muhimmancinsu, da kuɗin kowanne, da abin da gari zai bayar na ƙarfinsa, kamar aikin gayya ko yashi ko fili.

Aikin hakimi a nan uku ne. Na ɗaya, ya sa dagatai da masu unguwanni su tara jama'a, kada taron ya tsaya a kan masu faɗa a ji. A ji ta bakin mata, gama su ke ɗebo ruwa da itace, sun fi kowa sanin nisan da aka ƙara. A ji ta bakin makiyaya da masunta. Tsarin da aka yi ban da makiyayi, rigima a ke shukawa. Na biyu, ya warware zancen fili kafin a kafa ko da itace ɗaya, a gaban shaidu, da sanin ƙaramar hukuma. Na uku, ya binciki duk ƙungiyar da ta zo da sunan taimako: ina takardar rajistarta, ina ta taɓa aiki, wa ya san ta. Wanda ya ce a tara masa kuɗi kafin ya kawo gudummawa, a yi hattara da shi.

Aikin malamin hakimi shi ne littafi. Ya rubuta ranar saukar ruwan shuka da ranar ɗaukewarsa kowace shekara, da iyakar inda ambaliya ta kai, da yawan gidaje da gonakin da suka ɓaci. Ya ajiye sunayen waɗanda suka halarci taro da abin da aka yanke. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon shekara, sai ya nemo, a karanta wa dagatai tun kafin sharar gona. Littafin shekara biyar ya fi dogon roƙo ƙarfi a gaban masu ba da kuɗi.

Kada a ɗauka sai aiki mai tsada ne ke da amfani. A ƙasar Maraɗi, tun wajen 1984, manoma suka fara barin tohon kututturen itatuwa a gonakinsu, suna yi masa aski maimakon sarewa. Sassaben zamani su ke kiransa. An ƙiyasta ya maido da itatuwa wajen miliyan 200 a kan kadada miliyan 5 a Nijar. Gawo na cikinsu, shi da ke zubar da ganye da damina, ya bar wa gero rana, ya ba ƙasa taki. Ɗan kuɗin koyarwa da dokar gari mai hana sara su ne jarin wannan aiki.

Saura gargaɗi. Kuɗin gudummawa amana ce ta jama'a. Hakimi ba ya riƙe su, ba ya karɓar kamasho, ba ya tura ɗan'uwansa kwangila. A buɗe asusu a banki da sunan ƙungiya, mutum biyu ko uku su sa hannu, a karanta lissafi a ƙofar fada kowa ya ji. Garin da aka kama da cin irin wannan kuɗi da wuya a sake waiwayarsa, talakawan da ba su ci ba su ke shan wahalar.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Rani shi ne lokacin taro da rubutu, domin takarda ta isa kafin hadari ya haɗu. Allah ya ba da damina mai albarka, ya taimaki shugabanni a kan amanar da ke wuyansu, amin.