Kalmomin Ofis Da Tarihin Da Ke Bayansu



An ba ni minti biyar in yi magana a kan asalin wasu kalmomin Turanci. Na zaɓi huɗu da muke ji a wajen aiki da kuma jaridu.

Ta farko ita ce "nepotism", wato fifita dangi wajen raba muƙami. Tushenta kalmar Latin ce, "nepos", ɗan ɗan'uwa ko jika. A da, Fafaroma yakan naɗa ɗan ɗan'uwansa Kadinal, har sai da Fafaroma Innocent na 12 ya kafa dokar taƙaita haka a 1692.

Ta biyu "deadline", ranar ƙarshe ta miƙa aiki. A lokacin yaƙin basasar Amurka, a kurkukun Andersonville a 1864, akwai wani layi daga cikin shinge wanda duk fursunan da ya tsallake shi sai a harbe shi. To, ka ji layin mutuwa.

Ta uku "gerrymander", wato murɗe iyakokin mazaɓu don jam'iyyarka ta ci. A 1812 Gwamna Elbridge Gerry na jihar Masacusets ya sa hannu a wata doka da ta fitar da mazaɓa mai siffar wata dabba mai kama da ƙadangare, "salamander". Sai 'yan jarida suka haɗa sunansa da na dabbar.

Ta huɗu "boycott", ƙaurace wa mutum. Kyaftin Charles Boycott wakilin wani mai gonaki ne a Ailan. A 1880, bayan damina ta ƙi, manoma suka nemi a rage musu kuɗin haya yadda ya kamata, shi kuwa ya nemi korarsu. Sai leburori suka bar masa aiki, masu kanti suka daina sayar masa da kaya, har wasiƙa aka daina kai masa.

Jama'a, ku lura, Gerry da Boycott sun daɗe a ƙasa, amma kullum ana ambaton sunayensu a kan abin kunya. Da yawanmu yau muna riƙe da fayil ɗin talaka, wasu ma su ke sa hannu a takardar ɗaukar aiki. Suna linzami ne, kuma abin da mutum ya shuka shi zai girba.

Malamanmu da suka tilasta mana buɗe ƙamus, Allah ya saka muku da alheri. Allah ya ƙara mana zumunci.