Goge Haƙora Ba Wankin Tukunya Ba Ne

Jawabin da wani ma'aikacin lafiya ya yi wa ɗaliban ajin yaƙi da jahilci

Yau maganarmu a kan goge haƙora take.

Mutane da yawa suna zaton sai an dirje haƙori da ƙarfi zai fita. Ba haka ba ne. Dattin da yake manne wa haƙori mai laushi ne. Shafa a hankali ta isa ta cire shi.

Babban mutum yana da haƙora 32. Kowanne yana da farin ɓawo mai tauri da yake kare shi. Dirza da ƙarfi kullum tana cinye wannan ɓawo, kuma idan ya cinye ba ya sake tsirowa. Dasashi ma yana ja da baya, saiwar haƙori ta fito fili. Daga nan in ka sha ruwan sanyi ko shayi mai zafi, sai ka ji zogi ya tsarga maka. Abinci ya zama wahala.

To, yaya za a yi?

Da farko, sayi buroshi mai laushi. Riƙe shi da yatsu kamar yadda malaminku ya koya muku riƙe fensir. Kun san in an danne fensir, takarda yagewa take yi. Haka dasashi yake.

Ɗora buroshin a karkace inda haƙori ya haɗu da dasashi. Ka riƙa juya shi kaɗan-kaɗan, haƙori biyu ko uku a lokaci guda. Goge waje da ciki, da saman turame. Ka yi minti 2, sau 2 a rana, da safe da kuma kafin barci. In ka gama, tofar da kumfar man, kada ka kuskure baki nan take.

Mai asuwaki, ka tauna bakinsa har ya yi laushi. Goge daga dasashi zuwa bakin haƙori. Kada ka yi ta ja gefe da gefe kamar mai zarto.

A guji gawayi da toka da yashi. Suna kankare haƙori. Masu cin goro, dirza ba ta fitar da jan da ya daɗe. Ma'aikacin haƙori ne yake wanke shi.

A sake buroshi bayan wata 3. In gashinsa ya baje tun kafin lokacin, hannunka ya yi nauyi, ka sassauta.

Iyaye mata, ku taya yara gogewa har su kai shekara 7. Yaro mai shekara 3 zuwa 6, man da bai wuce ƙwayar wake ba ya ishe shi.

In dasashi yana jini, kada a daina gogewa. A ci gaba a hankali. In jinin bai tsaya ba bayan mako 2, a je asibiti.

Sannu ba ta hana zuwa. Allah Ya ba mu lafiya.