TSAKUWAR DOGO AMANA CE A HANNUNMU
Jawabi ga jama'ar garuruwan da ke bakin hanyar jirgin ƙasa



Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar Idu ko ta Kubwa a nan Abuja, lalle ya ga wasu taragu marasa rufi, marasa taga, cike da fasasshen dutse. Mutane da yawa sukan ɗauka kayan wani ɗan kwangila ne za a kai wurin gini. To, ba haka ba ne. Dutsen nan na hanyar jirgin ne kanta, kuma a kansa nake so in yi muku bayani yau.

Hanyar da ta tashi daga Idu zuwa Rigasa ta Kaduna tsawonta kilomita 186 ne, an kuwa buɗe ta a watan Yuli na shekarar 2016 ta Miladiyya. Faɗin tsakanin dogayenta milimita 1,435, ya fi na tsohuwar hanyar da ta isa Kano a 1911, wadda nata milimita 1,067 ne. Waccan, kakanninmu ne suka yi ta da diga da shebur, suna ɗaukar ƙasa a ka. Wannan kuwa injuna suka shimfiɗa. Amma ko a yau, abin da ke ɗauke da jirgi bai wuce abu uku ba: dogon ƙarfe, da sandunan kankare da ke gicciye a ƙarƙashinsa kamar matashin kai, sa'an nan tsakuwa.

Aikin tsakuwa huɗu ne. Tana rarraba nauyin jirgi don kada ƙasa ta lotsa. Tana riƙe sandunan kankare, don in ƙarfe ya miƙe da zafin bazara kada dogo ya kantare. Tana barin ruwan damina ya tsiyaye. Tana kuma hana ciyawa tsirowa. Saboda haka ba kowane dutse ake zubawa ba. Sai mai tauri, irin wanda ake fasawa a Mpape, mai kaifin gefe, domin ya cije da ɗan'uwansa. Tsakuwar rafi mai sulɓi ba ta riƙe kome. Kaurin shimfiɗar kuwa yakan kai wajen ƙafa ɗaya ƙarƙashin kankare.

Yau da gobe, dutsen yakan niƙe, laka ta cike tsakaninsa, hanya ta fara lotsawa. A nan ne taragun nan suke shigowa. Cikin kowane tarago an yi shi da gangara kamar mazurari, ƙofofinsa kuma a ƙasa suke. Kan jirgi yakan ja su sannu a hankali, kamar tafiyar mutum, ma'aikata suna biye a gefe. In an iso wurin da ya rame, sai su buɗe ƙofa, dutse ya zubo da nauyin kansa, ko tsakanin dogaye biyu, ko a kafaɗar hanya, gwargwadon bukata. Bayan haka sai injin daɓe ya biyo, ya ɗaga dogo kaɗan, ya cusa haƙoransa cikin tsakuwa, ya girgiza ta har ta cushe ƙarƙashin kankare. Abin da leburori masu yawa za su wuni suna yi da kwando, tarago ɗaya yakan gama shi cikin ɗan lokaci.

Yanzu ga abin da ya sa na tsaya gabanku. Akwai masu zuwa da dare da baro ko amalanke su kwashi tsakuwa don yin daɓen gida ko zuba harsashi, suna cewa ai dutse ne kawai, gwamnati ba za ta rasa ba. Wasu kuma sukan kwance ƙarafan da suka ɗaure dogo su sayar wa 'yan gwangwan. Ku sani, baro ɗaya da aka kwashe daga kafaɗar hanya ya isa ya bar kankare ba madogara. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Direba ba ya iya kaucewa, jirgi kuma ba ya tsayawa nan take kamar mota. Cikin taragun fasinja kuwa akwai ɗalibai, da 'yan kasuwa, da mata masu goyo, watakila har da ɗan wanda ya kwashi dutsen.

Don haka Ma'aikatar Sufuri ta Tarayya da Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, wadda aka kafa tun 1955, suna roƙon masu unguwanni, da dagatai, da limamai, da malaman makaranta, daga Kubwa har Jere da Rijana, su ja kunnen jama'arsu. Kada a kwashi tsakuwa, kada a saye ta daga hannun wanda ya kwaso. Kada a zuba shara a magudanun gefen hanya. A hana yara wasa kusa da taragu sa'ad da ake juye dutse. Wanda ya ga inda ruwa ya zaizaye hanya, ko ya ga ana ɓarna, ya gaggauta sanar da shugaban tasha mafi kusa ko 'yan sanda. Satar kayan dogo laifi ne da shari'a take hukuntawa.

Allah ya kiyaye matafiyanmu, ya kai kowa gida lafiya. Wassalam.